Gatse a Gida Huɗu: Littafin Aikin Zanen Abincin Kusa

4 ga Fabrairu, 2025

Yau na buɗe wannan littafi don in riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya. Abin da na sa a gaba shi ne zanen barkwanci guda 12, irin gajeren nan da jaridu ke bugawa a jere, kowanne da gida huɗu, dukansu a kan magana ɗaya: mutanen da suka ƙudura cewa ba za su ci abinci ba sai wanda aka noma kusa da su. Tun da fari bari in faɗi inda na tsaya. Ina tare da su. Ina son manomi ya san mai cin amfanin gonarsa, mai ci shi ma ya san hannun da ya shuka. Son abin ne ya sa nake so in taɓa shi da gatse, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwatin hoto ɗaya ina ce masa gida. Farin filin da ke tsakanin gida da gida ina ce masa lungu. Zagayen da ake rubuta maganar mutum a ciki kuwa, kumfa.

Dole in raba gatse da 'yan uwansa, in ba haka ba zan ɓata a hanya. Zambo yana kama mutum ne ya muzanta shi a bainar jama'a. Habaici jifa ne ba tare da kiran suna ba, amma wanda aka yi dominsa ya san kansa. Gatse kuwa shi ne a faɗi magana ana nufin kishiyarta, mai ji kuma ya gane. Mai magana da baki sai ya dogara da murya da kallon ido kafin a gane gatsensa. Mai zane yana da baki biyu, kumfa da hoto, kuma yana iya sa ɗaya ya ƙaryata ɗaya a cikin gida guda.

Ita wannan ɗabi'a ta cin na kusa ta samu sunanta na zamani a 2005 a San Francisco ta Amurka, inda wata mai sana'ar girki, Jessica Prentice, ta ƙirƙiri kalmar locavore. Ita da ƙawayenta sun ƙalubalanci jama'a su yi wata guda ba su ci komai ba sai abin da aka noma cikin mil 100 daga inda suke, wato kimanin kilomita 160. A 2007 ƙamusun Oxford na Amurka ya zaɓi kalmar a matsayin kalmar shekara. Kafin nan, a farkon shekarun 1990, Farfesa Tim Lang na Ingila ya riga ya shigo da maganar ƙirga nisan da abinci ke yi daga gona zuwa faranti. Da zarar ɗabi'a ta samu suna da doka mai lamba, masu zane sun samu abin yi, domin doka mai lamba ana ganin ranar da aka taka ta.

9 ga Fabrairu

Zane na farko ya fito da fensir.

Gida na ɗaya, wani mutum a bayan sitiyarin ƙatuwar mota yana ce wa matarsa, "Mu dai ba ma cin abin da ya sha tafiya." Gida na biyu, motar ta bar gari, gidaje sun zama ƙanana a bayanta. Gida na uku, rana ta karkata, suna gidan mai ana cika tanki. Gida na huɗu, sun dawo da dare, ƙullin ganye ɗaya tak yana kujerar baya, an ɗaure shi da bel.

Wannan shi ne gatse mafi sauƙi: baki ya faɗa, hoto ya ƙaryata. Gani ya kori ji. Dabarar ta girmi jaridun barkwanci da kansu. Rodolphe Töpffer, wani malamin makaranta a Janiba wanda ya riƙa buga labarai cikin jerin hotuna a shekarun 1830, ya bayyana cewa a irin aikinsa hoto ba rubutu ma'anarsa a dushe take, rubutu ba hoto kuwa ba ya nufin komai. Ma'anar tana tsakaninsu ne. Shi yakan sa rubutu mai nauyi da girmamawa a ƙarƙashin hoton mutum yana aikata wauta, sai dariya ta fito daga saɓanin.

Kafin in sa tawada na tsaya in tabbatar ba ƙazafi nake yi wa mai motar ba. A 2009 David Coley da abokan aikinsa na Jami'ar Exeter sun kwatanta hanya biyu ta samun kayan lambu. Sun gano cewa idan mutum ya tuƙa mota fiye da kilomita 6.7, zuwa da dawowa, don ya saya a shagon gona, akwai yiwuwar hayaƙinsa ya fi na dukan tsarin babban kamfani mai kai kaya gida gida, har da ɗakin sanyi da ɗaurin kaya da jigila. Dalilin a fili yake. Babbar mota tana raba hayaƙinta a kan kayan ɗaruruwan mutane, ƙaramar kuwa tana ɗora nata duka a kan ƙulli ɗaya.

Na kafa wa kaina doka daga yau: babu zanen da zai fita sai akwai gaskiya tabbatacciya a ƙarƙashinsa.

10 ga Fabrairu

Da na sa kumfa a gida na huɗu, matar tana cewa, "Ai mu ne muka sha tafiyar." Na goge ta. Ta yi wa mai karatu aikin da ya kamata ya yi da kansa. Bel ɗin ya isa.

18 ga Fabrairu

Na shafe mako ina nazarin dalilin da ya sa gida huɗu ke aiki. Masu zanen Japan sun daɗe da tsarin gida huɗu a jaridunsu, suna bin wani tsohon tsari da suka gada daga waƙoƙin Sin: buɗewa, ci gaba, juyi, rufewa. Gida na uku shi ne juyi, inda ake kawo abin da ba a zata ba, na huɗu kuma ya ɗaure komai. A nawa aikin na lura gatse ba ya zama a cikin wani gida. A lungu yake zama, galibi lungun da ke tsakanin na uku da na huɗu. Scott McCloud, a littafin da ya fitar a 1993 kan yadda zanen labari ke aiki, ya nuna cewa mai karatu ne ke cike wannan farin fili da tunaninsa. Ina ganin a nan ƙarfin abin yake. Idan ka yi wa mutum nasiha yana iya toshe kunne. Idan shi da kansa ya haɗa gida na uku da na huɗu ya gano saɓanin, ba shi da wanda zai musa wa.

Zane na biyu a kan kalmar "kusa" ne. Wata mata ta tambayi ma'aikacin kanti, "Wannan daga ina?" Ya ce, "Nan kusa." Gida na biyu hoto ya ja da baya, ga gari. Na uku ya ƙara ja, ga taswira da jan layi yana ratsa duwatsu da koguna. Na huɗu, direban babbar mota ya kwanta a gefen titi ƙarƙashin farin wata, jikin motar an rubuta "Na Kusa".

Abin da ke ƙarƙashinsa shi ne dokar noma ta Amurka ta 2008, wadda don wani shirin bashi ta fassara abincin yanki da wanda bai yi tafiyar mil 400 ba, wato sama da kilomita 640, ko wanda aka noma a cikin jihar da ake sayar da shi. Jiha kamar Teksas ko Kalifoniya kuwa, ana iya wuni ana tafiya ba a fita daga cikinta ba. Kantuna ma kowanne da irin tasa fassarar. Matar nan ba ta yi laifin komai ba, ta yi tambayar da ta dace. Kalmar ce aka ja kamar roba.

1 ga Maris

Kwana goma ban zana komai ba, karatu nake. Lissafin ya girgiza ni fiye da yadda na zata.

A 2008 Christopher Weber da Scott Matthews na Jami'ar Carnegie Mellon sun auna iskar da ke ɗumama duniya wadda abincin gidan Ba'amurke ke jawowa. Kashi 83 cikin 100 daga noman ne da kiwon kansa. Jigila gaba ɗaya kashi 11. Zangon ƙarshe, daga mai samarwa zuwa kanti, wanda shi ne mutane ke nufi idan suna maganar nisan abinci, kashi 4 kacal. Har suka ce barin jan nama da kayan madara na abin da bai kai kwana ɗaya a mako ba ya fi rage hayaƙi a kan sayen komai daga kusa. A 2018 Joseph Poore da Thomas Nemecek sun tattara bayanan gonaki kimanin 38,700 a ƙasashe 119, nasu lissafin ya ba jigila kusan kashi 6.

Daga nan zane na uku ya fito ba wahala. Tumatir biyu a kan teburi a wata ƙasa mai sanyi. Ɗaya yana alfahari, "Ni ɗan gari ne, ban taɓa hawa jirgi ba." Ɗayan ya sunkuyar da kai. Gida na huɗu ya nuna inda ɗan garin ya girma: rumfar gilashi a tsakiyar ƙanƙara, bututun ɗumama ɗaki yana ta aman hayaƙi. Wanda ya nuna a hasken rana a ƙasa mai ɗumi aka kawo shi da mota yakan fi shi sauƙin hayaƙi, kuma wannan sananne ne a binciken da aka yi kan tumatirin Sifen da na Birtaniya.

Sai na fara jin wani irin daɗi da ban yarda da shi ba. Na fara ganin kamar dukan maganar cin na kusa yaudarar kai ce, kuma aikina shi ne in tona asiri. Har na zana na huɗu a kan ragon New Zealand. A 2006 Caroline Saunders da abokan aikinta na Jami'ar Lincoln ta New Zealand sun ce tan ɗaya na naman ragon can, ko bayan an kai shi Birtaniya ta teku, hayaƙinsa kilo 688 ne, na Birtaniya kuwa kilo 2,849, saboda can kiwo a fili ake yi, nan kuwa ana ƙara taki da abincin dabbobi. Lamba ce mai daɗin zane. Amma binciken ya fito ne daga ƙasar da ke sayar da naman, kuma hayaƙin makamashi ya ƙirga, bai haɗa da iskar da dabbar ke fitarwa daga cikinta ba. Ga kuma wani bincike na 2022 daga Jami'ar Sidni da ya ce idan aka haɗa da jigilar taki da injuna da abincin dabbobi, rabon jigila ya kai kusan kashi 19. Masanan ba su gama daidaitawa ba.

Gida huɗu ba su da wurin "amma". Duk abin da ka zana zai fito kamar hukuncin alƙali. Na ajiye zanen ragon a gefe, ba zai fita ba.

12 ga Maris

Yau na nuna wa mutum biyu abin da na yi, kuma yau ce ranar da ta fi kowace amfani tun da na fara.

Sabon zane na huɗu yana kasuwar manoma. Wani mai saye ya dafa kafaɗar manomi yana cewa, "Ku ne ƙashin bayanmu." Gida na biyu ya ɗaga waya sun ɗauki hoto tare. Na uku yana latsa wayar yana murmushi. Na huɗu ya juya ya tafi, jakar babban kanti cike a hannunsa, kayan manomin suna nan yadda suke.

Ƙanwata ta karanta, ta kwashe da dariya tun a gida na ɗaya. Na ce mata ai ba a zo wurin dariyar ba tukuna. Ta ce, "Yaya, dubi fuskar baƙauyen nan mana." Jikina ya yi sanyi. Na sake duba takardar. Na ba manomin baki a wangale, haƙora a waje, hula a yage, idanu kamar wanda bai san inda yake ba. Mai sayen kuwa na zana shi tsaf, fuska daidai. Hannuna ya bi tsohuwar hanyar da ya saba gani ana zana mutumin gona, ban ko lura ba.

Da yamma na kai wa malamin da ya koya mini zane. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Kai, da wa kake? Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. To kai ka sani, amma mai kallon takardar nan bai sani ba." Na ce, "Malam, ai kumfar ta nuna." Ya ce ido yana riga kunne isa. Duk wanda ka kambama wa hanci ko baki, shi ka nuna wa mutane da yatsa, kumfa ta faɗi abin da ta ga dama.

Wannan ya canza mini fahimtar aikin. Gatse yana da baki, kamar wuƙa, kuma a zane layin fuska ne ke nuna inda bakin ya dosa. Ana iya rubuta kalmomin da ke kare manomi a kuma zana hoton da ke wulaƙanta shi, sai a samu gatse na biyu wanda mai zanen bai nufa ba, kuma shi ne mai karatu zai tafi da shi.

Manomin nan shi ne wanda aka fi ƙwara a dukan labarin. Ma'aikatar Noma ta Amurka tana lissafa rabon gona a cikin kowace dala da ake kashewa kan abinci, kuma a 'yan shekarun nan yana yawo ne wajen santi 15. Saura na masu sarrafawa ne da ɗauri da jigila da kanti da gidan abinci da talla. Mai saye kai tsaye daga hannun manomi yana mayar masa da wani abu daga cikin wannan, kuma babu lissafin hayaƙin da ya soke hakan. Na shagala da kashi 4 da kashi 11 har na manta cewa mutane da yawa ba don hayaƙi suke sayen na kusa ba. Suna so gonar da ke bayan garinsu ta ci gaba da zama gona.

Akwai mutum na biyu da na yi alkawarin ba zan taɓa ba: wanda ke sayen mai araha saboda abin da aljihunsa ya iya ke nan.

15 ga Maris

Na sake zana manomin. Fuska a natse, baki a rufe, idanunsa suna bin jakar da ke hannun mutumin. Ƙanwata ba ta yi dariya ba sai a gida na huɗu, kuma gajeriya ce.

27 ga Maris

Na samu inda ya kamata bakin wuƙar ya dosa: tambari.

A watan Maris na 2016 kantin Tesco na Birtaniya ya fito da sunaye bakwai na kayan abinci masu kama da sunan gonakin ƙasar, irin su Boswell Farms da Rosedene Farms. Sunayen ƙirƙirarru ne, kuma wasu kayan daga ƙasashen waje ake kawo su. Ƙungiyar manoman ƙasar ta kai ƙorafi gaban hukuma. A watan Afrilu na wannan shekarar, 'yar jarida Laura Reiley ta jaridar Tampa Bay Times a Fulorida ta bi diddigin gidajen abincin da ke rubuta sunan gonakin yanki a allonsu, ta tarar da yawa ba sa sayen komai daga gonakin da suke ambata. A 2017 gidan talabijin na CBC a Kanada ya ɗauki hoton wasu 'yan kasuwar manoma a lardin Ontariyo a ɓoye, suna sayar da kayan da suka saro daga dillalai da sunan noman hannunsu.

Duk wannan yana nuna cewa kalmar "na kusa" ta yi daraja har ana satar ta. Wanda ake sata wa kuwa mutum biyu ne, mai sayen da ya biya da zuciya ɗaya, da manomin gaskiya da ke rumfar gefe.

Zane na biyar ba shi da kumfa ko ɗaya. Gida na ɗaya, gona mai kyau, saniya, shinge, rana tana fitowa bayan tudu. Na biyu, gonar dai ce, sai dai an ɗan ja baya, kuma kusurwar sama ta lanƙwashe. Na uku, ashe hoto ne a jikin kwali, ga hannu sanye da safar roba yana manna shi. Na huɗu, ɗakin ajiya a tashar jiragen ruwa, kwalaye jibge har rufi, kowanne da saniyar nan da ranar nan.

A nan gatsen yana cikin bangon gidan ne. Mai karatu ya yarda da gida na ɗaya saboda ya saba yarda da duk abin da aka sa masa a cikin akwati, kamar yadda yake yarda da hoton jikin kwali a kanti. An yaudare shi na daƙiƙa biyu ta hanyar da ake yaudararsa kullum, sannan aka nuna masa yadda aka yi. Zuwa yanzu shi ne zanen da na fi so. Na ɓata takarda shida kafin lanƙwasar kusurwar ta yi daidai, yadda za a gan ta amma ba a gane ta ba sai an kai gida na uku.

8 ga Afrilu

Na koma ga wani tsohon misali saboda wata damuwa da ta taso mini. René Goscinny da Albert Uderzo sun fara labarin zane na Asterix a Faransa a 1959. A wani labarinsu da ya fito littafi a 1965, jarumin ya ci wa Rumawa alwashin zai zagaye ƙasar ya dawo da abincin da kowane gari ke taƙama da shi: alewar Cambrai, miyar kifin Marsel, salak ɗin Nis, busassun 'ya'yan itacen Agen. Labarin yana faruwa shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa, amma abincin irin wanda matafiyin zamani ke saya ne a matsayin tsaraba. Suna tsokanar alfaharin kowane gari da girkinsa, suna kuma ƙaunarsa a lokaci guda. Irin gatsen da nake nema ke nan.

Abin da ya biyo baya ne ya dame ni. Ranar 12 ga Agusta, 1999, José Bové, makiyayin tumaki, ya jagoranci manoma suka kwance ginin gidan abincin McDonald's, kamfanin Amurka, da ake kan ginawa a garin Millau na Faransa, saboda Amurka ta ɗora haraji mai nauyi kan cukuwin Roquefort, wanda ake yi da nonon tumaki, don ramuwar hana shigo da namanta mai sinadarin ƙara girma da Turai ta yi. Jaridu suka riƙa kamanta shi da Asterix, har da gashin bakin. Sai ga shi a 2010 McDonald's ta fitar da talla a Faransa da ke nuna mutanen ƙauyen Asterix suna walimarsu ta ƙarshen labari a cikin shagonta. Mutane da yawa sun fusata.

Hoton da aka san shi da kare abincin gida an ɗauke shi an sayar da kishiyarsa. Saboda haka na ƙara wa kaina gwaji: shin babban kanti zai iya rataya zanena a bangonsa ya zame masa talla? Na biyar ya tsallake. Na biyu ya tsallake. Na farko, na mai mota, ya faɗi, domin kamfanin kai kaya gida zai yi murna da shi. Ba zan jefar da shi ba tunda gaskiya ne, amma ba shi zai buɗe jerin ba. Na kwali ne zai buɗe.

20 ga Afrilu

Zane na bakwai ya hana ni barci.

A 2007 manyan kantunan Birtaniya biyu, Tesco da Marks and Spencer, sun fara manna alamar jirgin sama a kan kayan da aka kawo ta sama. A shekarar ce kuma ƙungiyar Soil Association, mai ba da shaidar cewa an noma abinci ba da sinadaran zamani ba, ta buɗe muhawara kan ko za ta janye shaidarta daga irin waɗannan kaya. Hujjarsu tana da ƙarfi, don jirgin sama yana fitar da hayaƙi ninki da yawa fiye da jirgin ruwa a kan kowane tan. Amma cikin kayan da alamar ta fi shafa akwai koren waken Kenya, wanda dubban ƙananan manoma da ma'aikata ke rayuwa a kansa, mutanen da hayaƙin kowannensu a shekara bai kama ƙafar na mai sayen ba.

Gwajina na farko shi ne mai saye ta mayar da waken inda ta ɗauko shi saboda alamar jirgi, gida na huɗu kuma ga ta a filin jirgi za ta yawon hutu. Yana aiki, amma dabarar mai mota ce aka sake, kama munafuki. Kuma yawancin masu mayar da waken nan ba munafukai ba ne. An gaya musu abu, suka yi ƙoƙarin yin daidai.

Ga yadda yake yanzu. Gida na ɗaya, wata dattijuwa a kanti ta ga alamar, ta mayar da fakitin a hankali. Na biyu, wata manomiya a gefen hanya a Kenya, akwatunan wake a jere, tana duban hanya. Na uku, dattijuwar tana ce wa jikarta, "Don ƙaramin manomi nake yi." Na huɗu, manomiyar tana zaune a kan akwati ɗaya, inuwa ta yi tsawo, hanya ba kowa.

Babu mugu a cikinsa, babu wawa. Dukansu na ba su fuska mai mutunci. Dattijuwar ba gatse take yi ba, da gaske take. Al'amarin ne ya yi gatse, kalmar "kusa" ta kare wani ƙaramin manomi ta kuma yanke wani wanda ba a gani. Wannan nau'in ya fi na bakin mutum nauyi, kuma zane mai gida gida ya fi kowace hanya iya ɗaukarsa, tunda lungu mai faɗin yatsa yana iya raba nahiya biyu.

2 ga Mayu

Bayan na bakwai ina bukatar mai sauƙi. Alisa Smith da James MacKinnon, mazauna Bankuba a Kanada, sun fara shekara guda ta cin abin da ke cikin mil 100 a watan Maris na 2005, suka yi watanni ba burodi kafin su samu manomin alkama a yankinsu. Na takwas ya samo asali daga irin wannan hali. Mutum ya yi rantsuwa a lokacin girbi, teburi cike. Gida gida kayan teburin suna raguwa, rigarsa tana ƙara kauri. A na huɗu, tsakiyar hunturu, dankali ɗaya a faranti, ya ɗaura masa ɗan ganye a ka yana cewa, "Yau an canza girki." Shi da kansa yake gatsen, kuma bai karya rantsuwarsa ba. Ina so mai karatu ya yi dariya ya kuma ji yana son mutumin.

11 ga Mayu

Inda aka kwana: bakwai sun sha tawada, uku suna fensir, biyu ba a taɓa ba. Na shida, na gidan abinci mai allon sunayen gonaki, yana bukatar gyara a gida na uku, don alli a hannun ma'aikacin bai fito sosai ba.

Jiya na kai wa Malam na bakwai. Bai yi dariya ba, kuma ban so ya yi ba. Ya riƙe takardar ya yi shiru, sannan ya sa yatsa a gida na huɗu ya ce hannun manomiyar ya yi sanyi da yawa, kamar wadda ta sallama. Ya ce in ɗora shi a kan akwatin waken, yatsu a buɗe, yadda mai kaya ke riƙe kayansa. Ya ce ba tausayi take nema ba, mota take jira. Na ce, "To Malam," na goge a gabansa na sake.

Na sha ɗaya da na sha biyu ina so su fito daga bakin manomin kansa, ya zama shi ke gatsen, ba a kansa ake yi ba. Ba zan ƙirƙira masa magana daga teburina ba. Na shirya zama da mutum biyu masu noman lambu a mako mai zuwa, zan tafi da takarda da fensir, in tambaye su abin da masu saye ke faɗa musu da abin da su suke so su amsa amma suke haɗiyewa.